FILIN SANA'A: Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Injin Banso

  A watan jiya mun yi bayani a kan yadda ake jera katako a inuwa ya bushe kafin a taɓa shi da aiki. To, tun daga lokacin wasiƙu suke shigowa, daga Nima da Ashaiman, da Aboabo ta Kumasi, har da Tamale, kuma da yawa daga cikinsu tambaya guda suke yi. Mutum ya ɗan tara abin da ya tara, ko ya karɓi kuɗin sallama daga wurin aiki, ko ɗansa da ke ƙasar waje ya ce zai aiko masa da inji, yana son ya kafa ɗan shagon kafinta a ƙofar gida. Wane irin banso ya kamata ya saya, kuma wane zarto zai ɗaura masa?

Tambayar nan tana da nauyi, domin kuɗin inji ba kuɗin goro ba ne. Sau da yawa shi ne dukan jarin mutum, wani ma har da adashin uwargida a ciki. In an yi saye nagari, inji zai ci da gida shekara ashirin, yaro ya zo ya gada. In kuwa aka yi tuntuɓe, sai ka tarar da shi a lungun tsakar gida an lulluɓe da buhu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, maigida kuma ba ya son a tayar da zancen. Saboda haka bari mu bi abin daki-daki.

Ga wanda bai san shi ba, banso inji ne mai wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da wani siririn zarto wanda aka haɗe bakinsa biyu da walda ya zama kamar ɗamara, yana zagaya su ba tsayawa. Zarton yana ratsa tsakiyar tebur, haƙoransa suna gangarowa ƙasa, kai kuma kana tura katako. Abin da ya sa kafintoci ke sonsa shi ne yana yin aikin da zarto mai faifai ba ya iyawa. Yana bin lanƙwasa, irin ta ƙafar kujera da kan gado da kan allon makaranta. Yana kuma tsaga katako mai kauri ya fitar da falle biyu ko uku, ba tare da ya mai da rabinsa gari ba. Daɗin daɗawa, da yake ƙasa yake danna katako a kan tebur, ba ya harbo shi ƙirjin mai aiki kamar yadda mai faifai kan yi.

Akwai ɗan tarihi da ya kamata mai saye ya sani. Wani Baturen Ingila mai suna William Newberry ne ya yi rajistar dabarar wannan inji tun a 1809, amma kusan shekara arba'in abin bai amfani kowa ba, domin duk zarton da aka haɗa sai ya ɓalle a wurin haɗin da zarar ya fara zagaye. Sai a 1846 wata mata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta gano yadda za a haɗa bakin zarton ya riƙe, wani kamfani a birnin Faris ya sayi dabarar, daga nan banso ya shiga duniya. Watau inji yana nan tun tuni, zarto ake jira. Har gobe haka abin yake. Zarto ke yanka, inji ɗaukarsa yake yi yana juya shi. Matsakaicin inji da zarto mai kyau ya fi ƙasaitaccen inji da zarto dakusasshe, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan yake tafiya.

ME ZA KA YANKA?

Kada ka fara da tambayar mai shago wane inji ya fi kyau, domin wanda ya daɗe a shagonsa shi zai nuna maka. Fara da tambayar kanka, me zan riƙa yankawa, kuma kaurinsa nawa?

Da faɗin wili ake kiran girman banso. In aka ce mai inci 14, wilinsa ake nufi, kuma tazarar da ke tsakanin zarto da ginshiƙin injin takan gaza haka kaɗan, wajen inci 13 da rabi. Amma akwai awo na biyu wanda masu saye suka fi mantawa da shi, watau tsayin da ke tsakanin tebur da madogarar zarto ta sama in an ɗaga ta har ƙarshe. Shi ne iyakar kaurin katakon da zai shiga. Ka tafi kasuwa da tef ɗinka a aljihu ka auna wannan da hannunka.

Ƙananan injuna masu inci 9 ko 10, waɗanda ake ɗorawa a kan benci, ba su cika shan katakon da ya wuce inci 3 ko 4 ba, kuma ƙarfinsu bai kai rabin doki ba a mafi yawa. Suna da amfani ga mai yin allo, firam ɗin hoto, kayan wasan yara da ƙananan akwatuna na filawud. Amma duk wanda ya ce zai tsaga odum da su, to ya shirya kai su wurin mai naɗin waya. Araharsu ke jan mutane, alhali kuwa araha ba ta ado.

Mai inci 14 shi ne dokin aikin ƙaramin shago a ko'ina cikin duniya. Kamfanin Delta na Amurka ya fito da samfurinsa na ƙarfen zubi tun cikin shekarun 1930, daga baya masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwaikwayonsa, har ya zama kayan gyaran wannan sukan shiga wancan. Yana shan kaurin inci 6, in kuma an ƙara masa wani guntun ƙarfe a wuyan ginshiƙi sai ya kai inci 12. Akwai kuma sababbin ƙira masu gangar jiki ta faranti da aka yi wa walda, waɗanda suka fi jure ɗaurin zarto mai faɗi, da yawansu suna shan inci 10 zuwa 12 tun daga kamfani. Ga mai yin kujeru, gadaje, bencin makaranta da teburin mai shayi, a nan shawarata ta tsaya: inci 14, da ƙarfin doki 1 in aikin bai wuce kaurin inci 6 ba, ko doki 1 da rabi zuwa 2 in za a riƙa tsaga katako mai tauri.

Daga inci 18 zuwa sama kuwa, irin su Wadkin na Ingila da Centauro na Italiya da ake gani a manyan shagunan Sokoban da kasuwar katako ta Ankara, babban birninmu, injuna ne na ƙwarai waɗanda suka girmi masu aiki da su. Amma nauyinsu kaɗai sai an yi musu daɓen siminti, kuma mafi yawansu wuta mai layi uku suke sha. Wanda ke zaune a gidan haya bai kamata ya yi sha'awarsu ba.

A kula da abu guda. Ba kowane banso ne na katako ba. 'Yan'uwanmu mahauta da masu shagon kifi da kaji na ƙanƙara suna da nasu na yanka ƙashi, wanda aka ƙera don a riƙa wanke shi. Maƙera suna da nasu na ƙarfe, mai tafiya a hankali ƙwarai. Na katako zartonsa yana gudun wajen mita 900 a minti guda. Kama da wane ba ta wane, kada a ce maka ai duk ɗaya ne, zarto kawai za ka canja.

WUTAR GIDANKA

A nan ne kuɗin mutane suka fi nutsewa. Kowane inji yana da moto, ba babur nake nufi ba, wannan na lantarki mai juya wili. A jikinsa akwai ɗan faranti da aka buga lambobi. Kafin ka taya, ka goge ƙurar farantin ka karanta, in ba ka iya ba ka tafi da mai gyaran wuta.

Wutar gidajenmu a Gana, kudu da arewa, volt 230 ce, kuma 50Hz. Ta Amurka da Kanada volt 120 ce, 60Hz. Idan ɗanka na New York ya sa maka inji a kwantena, in ka soka shi a bango kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Taransifoma tana gyara volt, amma ba ta gyara wancan 60 ɗin, don haka moton zai riƙa gudun kashi biyar cikin shida na abin da aka ƙera shi a kai, yana kuma iya yin zafi fiye da ƙima. Wasu motocin Amurka an rubuta musu 115/230, su ana iya sauya haɗin wayarsu, to da sauƙi. Amma in akwai zaɓi, ka ce wa yaron ya nemo daga Ingila, Jamus ko Italiya, inda wutarsu irin tamu ce, ko kuwa ya turo kuɗin ka saya a nan.

Abu na biyu, in ka ga 3PH ko 3~ ko volt 400 ko 415 a farantin, injin na layi uku ne, gidanka kuwa layi ɗaya gare shi. Tsofaffin injunan Turai da yawa suna araha ne saboda wannan dalili. Ana iya canja moton, ko a sa masa wata na'urar inbata mai mai da layi ɗaya uku in moton ya yarda da volt 230, amma ka sa kuɗin wannan a lissafi tun kafin a yi ciniki.

Abu na uku, soket ɗinmu mai ƙafa uku amfiya 13 yake ɗauka, kuma doki 2 shi ne iyakar abin da zai ɗauka cikin kwanciyar hankali. A ja wa injin layinsa daga allon fis da waya mai kauri, a kuma haɗa wayar ƙasa. Doguwar siririyar waya da aka ja daga ɗakin maƙwabci tana rage ƙarfin wuta, moto ya yi ta gurnani yana zafi. Haka nan a unguwanni masu cunkoso wuta takan yi rauni da magariba, to a yi babbar tsaga da hantsi. Mai dogara da janareta ya sani moto yana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Doki 1 wat 746 ne, amma janaretan da zai tayar da shi lafiya sai ya ninka haka sau uku ko fiye. Kuma in mita ɗaya kuke sha da mutanen gida, ka nemi taka tun da wuri. Rigimar kuɗin wuta ta ɓata zumuncin da ya fi inji daɗewa.

SABO, HOM-YUS, KO ƘIRAR GIDA?

Kowanne da ranarsa. Sabo yana da takarda da kayan gyara, amma mai araha daga cikinsu sau da yawa faranti ne siriri da tebur mara nauyi. Hom-yus, watau na hannu da aka shigo da shi daga Turai, yakan fi ƙarfe mai kyau, sai dai ba ka san wahalar da ya sha ba. Ƙirar maƙeranmu kuwa, irin na Magazin ta Suame, mai shi yana kusa in abu ya lalace, kuma boris da bel ɗinsa na kasuwa ne. Abin dubawa a nan shi ne daidaiton wili, da kuma ko an yi masa ƙofofin da suka rufe wili da zarto. Injin da zartonsa ke zagaye a fili ba shi da wurin zama a gidan da yara ke wasa.

Ko wanne ka nufa, gani ya kori ji. Cire filogi, buɗe ƙofofi, ka juya wili da hannu. In yana rawa hagu da dama, ko kana jin ƙarar yashi a cikin boris, ka sani. Boris abu ne mai sauƙin canjawa, amma wili da ya karkace ciwo ne mai wuyar magani. Dubi robar da ke bakin wili, ko ta tsage ko zarto ya yi mata kwari. Leƙa ƙarƙashin tebur ka dubi ƙarfen nan mai kamar rabin wata wanda tebur ke karkata a kansa, domin shi ne ya fi karyewa in an ɗaga inji ta tebur wajen lodi. Bi ginshiƙi da ido ko akwai tsaga da aka like aka shafe da sabon fenti. Murɗa abin ɗaure zarto ka ji ko sifirin ɗinsa yana da sauran rai. Sa'an nan a kunna. Tsayar da kwandalar sidi ɗaya a kan gefenta bisa tebur. In ta tsaya inji yana gudu, to jikinsa lafiya. In ta faɗi nan take, wannan girgizar za ta fito a kowane yanka. Daga ƙarshe ka fito da guntun katako mai tauri da ka taho da shi daga gida ka gwada. Guntun wawa da mai shago zai miƙo maka ko wuƙar burodi ta yanka shi.

ZARTO

Yanzu mun zo ga uwa-uba. Zarton da ke zuwa a jikin sabon inji yawanci na gwaji ne, kada ka yanke wa injin hukunci da shi. Abubuwa biyar ake dubawa.

Na farko tsawo. Samfurin Delta mai inci 14 da 'yan'uwansa inci 93 da rabi suke sha, in an ƙara musu wuya kuma inci 105. Sauran injuna kowanne da nasa. In takarda ta ɓata, sauke wilin sama zuwa tsakiyar tafiyarsa, ka auna daga cibiyar wili zuwa cibiyar wili ka ninka biyu, sa'an nan ka ƙara faɗin wili sau 3.14. Ko kuwa ka zagaya su da igiya mara miƙewa ka auna igiyar. Ka rubuta lambar a cikin ƙofar injin da fenti. Kafin ka sayi kowane inji, ka tabbata akwai inda za ka sami zartonsa. Alhamdu lillahi, a manyan kasuwannin katako akwai masu wasa zarto, waɗanda ake kira likitocin zarto, suna yanko shi daga naɗi su haɗa maka daidai tsawonka. Ka dubi haɗin: bayan zarton ya miƙe ba ƙusumbi, wurin waldar kuma an goge shi ya yi kauri ɗaya da sauran.

Na biyu faɗi. Siriri ke bin lanƙwasa, mai faɗi ke miƙe layi. Zarto mai faɗin inci 1/4, watau milimita 6, yana iya zagaye da'irar da faɗinta bai wuce inci 1 da kwata ba. Mai inci 3/8 sai da'ira ta kai wajen inci 3. Mai rabin inci, inci 5. Mai inci 3/4, wajen inci 11. In ka tilasta wa mai faɗi ya shiga ƙaramar kwana, bayansa zai goga, katako ya ƙone, zarto ya murɗe. Wasu suna zaton in sun ɗaura mafi faɗin da injin zai karɓa sun gama. To, zarto mai faɗi yana son ɗauri mai ƙarfi, kuma inji mai inci 14 na ƙarfen zubi ba kasafai yake iya ɗaure mai inci 3/4 yadda ya kamata ba. Rabin inci da ya ɗauru tam ya fi shi miƙe layi.

Na uku haƙora, kuma da yawansu a cikin inci guda ake kiransu. Ka'idar ita ce a kowane lokaci a sami aƙalla haƙora uku a cikin katako. Ramin da ke tsakanin haƙori da haƙori shi ke kwashe gari ya fitar. In katako yana da kauri haƙora kuma sun yi yawa, ramukan sai su cika tun kafin su fita, gari ya toshe hanya, zarto ya yi zafi ya fara yawo a cikin katako, ka buɗe ka ga falle ɗaya ya yi ciki ɗaya ya yi doro. Mutum ya yi ta zagin inji, alhali haƙora ne suka yi yawa. Don tsaga mai kauri, haƙora 3 a inci. Don aikin yau da kullum na inci 1 zuwa 2, haƙora 4 zuwa 6. Don filawud da siraran falle, 10 zuwa 14. Akwai haƙori mai ƙugiya, wanda ya ɗan sunkuya gaba yana cizo da sauri, shi ne na katako mai tauri da kauri. Akwai mai tsallake, mai faffaɗan rami, na katako mai laushi ko mai danshi. Da yake yawancin katakon kasuwarmu bai gama bushewa ba, in ka rasa wanda za ka ɗauka, ɗauki mai ƙarancin haƙora.

Na huɗu kauri. Zarto yana lanƙwasawa yana miƙewa sau ɗaruruwa a minti guda, kuma gwargwadon ƙanƙantar wili gwargwadon wahalarsa. Mai inci 14 yana son kaurin wajen milimita 0.65. Ƙananan injuna suna son 0.35 zuwa 0.5. In aka yanko maka daga naɗin manyan injuna mai 0.9 aka ɗaura a ƙaramin wili, zai tsattsage a gindin haƙora ya tsinke, komai kyan ƙarfensa.

Na biyar irin ƙarfen, kuma katakonka ne zai zaɓa maka. Zarton ƙarfe na gama-gari shi ne mafi araha, ya kuma wadatar ga wawa, ofram, emire da sidrela. Amma odum, wanda Bahaushe ke kira loko, yakan ɓoye wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa. Tik da baku kuwa suna da ɗan yashi a cikin naman itacen. Waɗannan suna cinye kaifin zarto na gama-gari tun aiki bai yi nisa ba. A nan ne zarto mai ƙarfe biyu, wanda bakin haƙoransa ƙarfe ne mai tauri na daban, yake biyan kuɗinsa. Sau da yawa za ka ga an rubuta M42 a kwalinsa. Ya fi tsada, amma yana daɗewa ninki-ninki, kuma shi ne ke iya tsira in ya ci karo da ƙusa a cikin katakon falet da ake kwasowa daga Tema. Mai haƙoran kabaid ya fi kowanne daɗewa da santsin yanka, sai dai kuɗinsa ya isa sayen na gama-gari da yawa, yana son ɗaurin da ƙaramin inji ba ya iyawa, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta zubar masa da haƙora. Mai farawa ya bar shi tukuna.

Akwai kuma katakon da aka tsaga a daji da zarton sarƙa. Tun 1998 doka ta hana tsaga shi don sayarwa, wannan kowa ya sani. Ban da maganar doka ma, yakan zo da ƙasa da yashi a jikinsa, kaurinsa kuma ba ya daidaita. Kowane katako ya kwana a ƙasa, ka goge shi da burushin ƙarfe kafin ya ga zarto.

To, in an tattara, zarto uku sun isa buɗe shago: mai rabin inci da haƙora 3 don tsaga, mai inci 3/8 da haƙora 4 ko 6 don aikin kullum, da mai inci 1/4 da haƙora 6 don lanƙwasa. Wanda ka fi amfani da shi ka sayi biyu, domin zarto ba ya tsinkewa sai ranar da mai aiki ke zaune yana jira. Kuma wanda ka yi lanƙwasa da shi kada ka koma tsaga da shi, domin haƙoran gefe ɗaya sun riga sun ci fiye da ɗaya, zai riƙa jan layi gefe.

ƊAURI DA TSARON JIKI

Zarto mai kyau ma sai an ɗaura shi daidai. Cire filogi tukuna. Haƙora su dubi ƙasa, su kuma dubi mai aiki. Juya wili da hannu kana murɗa saitin baya har zarton ya zauna a tsakiyar robar. Ɗaure shi har ya zama in ka ɗaga madogara sama ka danna shi da yatsa daga gefe, bai kauce fiye da inci 1/4 ba. Madogaran gefe su tsaya daf da bayan ramukan haƙora, da tazarar kaurin takarda, kada su taɓa haƙoran. Boris na baya ya kusa taɓa zarto amma kada ya juya sai an fara yanka. In an tashi aiki da yamma a sassauta ɗaurin, roba da sifirin su huta. Mutanen Tema da Takoradi da ke shan iskar teku su riƙa goga wa tebur kyandir saboda tsatsa.

Game da jiki kuwa, banso ba shi da hayaniya, shi ya sa ake raina shi, amma irinsa ne mahauta ke raba ƙashin sa da shi. Sauke madogara ta sama ta tsaya kamar inci 1/4 bisa katako, kada a bar zarto tsirara. Kada yatsa ya zauna a kan layin yanka, in an zo ƙarshe a tura da sanda. Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu da safar hannu duk a ajiye su a ƙusa. Kada a yanka gungume mai mulmulawa sai an ɗaure shi a wani abu mai shimfiɗaɗɗen gindi, domin zarto zai fizge shi ya juya. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a kowane zagaye, zarto ya fara tsagewa, kashe inji ka jira ya tsaya cik kafin ka buɗe ƙofa. Ƙurar wawa da ta odum da ta baku an san suna jawo asma da ƙaiƙayi, to a rufe hanci, a kuma juya bakin aikin nesa da madafa da ɗakin tsofaffi. In za ka masallaci ko kasuwa, cire filogi ka kulle. Yaran zango ba abin da hannunsu ba ya kaiwa.

Shawarata ta ƙarshe a kan rabon kuɗi ce. In abin da ke hannunka kashi goma ne, kada inji ya ci fiye da bakwai. Biyu na zarto ne, ɗaya na waya da mai gyaran wuta. Wanda ya zuba goman duka a inji don a ce nasa ya fi na kowa girma a layi, zai dawo gida da shi ba abin da zai ɗaura masa. In bakwai ɗin ba su kai ga mai inci 14 nagari ba, ka ci gaba da kai tsagarka Sokoban ko kasuwar katako ana yi maka kana biya, ka ƙara tari wata shida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake naɗe zarto gida uku a rataye shi ba tare da ya yanki mutum ba, da yadda ake gane wanda zai wasu da wanda ya gama yayinsa. Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba, ya kuma faɗi girman injinsa da irin katakon da yake aiki da shi. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya tsare mana yatsunmu. Wassalam.